Man da ke bayan mita ɗari biyu

Duk lokacin da na je gida Achika, a ƙasar Wudil, ana zaune bayan la'asar, dattawa sukan tambaye ni labarin Fatakwal, don a wurinsu duk mai aikin mai a can yake. Ni kuwa yawancin aikina a tsakiyar teku na yi shi, inda ko tsuntsun tudu ba ya zuwa. Labarin wannan mai daban yake da na Oloibiri da aka tono a 1956, kuma ya fi shafar aljihun mutumin Wudil fiye da yadda ake zato.

A 1993 gwamnatin soja ta yanka filayen ruwa mai zurfi ta ba manyan kamfanoni. Lokacin gangar ɗanyen mai ba ta kai dala 20 ba, baitulmali babu kuɗi, kuma babu wanda ya taɓa haƙa rijiya a irin wannan zurfi a gaɓarmu. Sai aka yi yarjejeniyar raba amfani: kamfani ya zuba kuɗinsa, in bai samu komai ba asararsa ce, in ya samu ya fara cire abin da ya kashe, sannan a raba saura da NNPC. Dokar soja ta 1999 ta tabbatar da wannan, har ta ce inda zurfin ya wuce mita 1,000 ba za a biya ladan ƙasa ba ko sisin kwabo. A ganina tayin bai yi laifi ba a ranar da aka yi shi. Wanda ke neman a shigar masa rami dole ya sassauta ciniki.

Agip ce ta fara fitar da mai daga filin Abo a 2003, amma Bonga ta Shell ce ta sauya komai a Nuwamban 2005. Kilomita 120 daga gaɓa, ruwa sama da mita 1,000. Babu ƙafar ƙarfe da za ta kai ƙasa a nan, don haka aka kawo jirgi da aka ƙera jikinsa a Koriya ta Kudu aka ɗora masa injuna a Ingila, aka ɗaure shi da sarƙoƙi. Shi ne masana'anta, shi ne rumbu mai cin ganga miliyan biyu, shi ne kasuwa, domin jiragen dakon mai a nan suke lodi su wuce Turai ko Indiya. Erha ta biyo baya a 2006, Agbami a 2008, Akpo a 2009, Usan a 2012.

Kafin a bar ka ka hau jirgi mai saukar ungulu zuwa can, sai an ɗaure ka a kujera an dulmiya ka cikin kwatami an kife ka, ka kwance ɗamara ka fito ta taga. Bahaushen da ko rafi bai taɓa ninkaya ba a nan yake sanin kansa. A jirgin haƙa kuwa babu anga, injuna ne ke riƙe shi wuri guda suna juya hancinsa ga iska, saboda haka alƙiblar azahar ba lallai ta zama ta magariba ba, sai mu leƙa mu tambayi masu tuƙi. Rijiyar kanta ba wanda ya taɓa taɓa ta da hannu. Wata na'ura mai fitila da hannuwa ake saukarwa, mu zauna muna kallon allo. Babban abokin gabarmu sanyi ne: ruwan ƙasan teku bai fi digiri huɗu ba, in aka tsayar da rijiya gas da ruwa sai su daskare su toshe bututu, shi ya sa ake ɗura masa sinadarin metanol tun kafin ya huce.

Abin da ba kasafai ake faɗa wa mutanenmu ba shi ne dokar 2004, wadda ta ce kaso 13 cikin ɗari na jihohin mai ya tsaya ne a zurfin mita 200. Abin da ke bayan nan asusun tarayya yake shiga, a raba da kowa, har da ƙaramar hukumar Wudil. To, dokar 1999 ta tanadi a sake duba rabon in farashi ya haura dala 20. Ya haura, har ya wuce dala 100 a 2008, gwamnatoci suka zo suka tafi ba wanda ya buɗe takardar. Jihohin Ribas, Bayelsa da Akwa Ibom ne suka kai ƙara Kotun Ƙoli, aka yi sulhu a 2018, sannan Buhari ya sa hannu a gyara a Nuwamban 2019, aka ɗora ladan ƙasa na kaso 10 cikin ɗari. Mu da muka fi dogaro da wannan asusu ba mu muka tayar da maganar ba.

Dokar 1999 ɗin dai ita ce ta haɗa da filayen tudu na Arewa. Shell ta haƙa Kolmani a 1999, ba ta ga abin da zai biya ba ta koma ruwa, sai a 2019 NNPC ta ce ta samu mai a can, tsakanin Bauchi da Gombe.

A teku kuwa, Egina ta Total, wadda ta fara a Disamban 2018, ita ce ta farko da aka harhaɗa wani ɓangare na jirginta a Legas, albarkacin dokar ba 'yan ƙasa aiki ta 2010. Daga nan sabbin ayyuka suka yi tsit na shekaru, kamfanoni suna jiran dokar man fetur ta 2021, kuɗinsu kuma ya karkata Guyana da Brazil. Tsofaffin rijiyoyin suna ƙara kawo ruwa suna rage mai. Bonga ta cika ganga biliyan ɗaya a 2023, a Disamban 2024 kuma Shell ta amince da aikin Bonga ta Arewa, sabbin rijiyoyin da za a jona wa wannan tsohon jirgi.