Kogin Kaduna da Mutanen Bakinsa: Tarihin Ambaliya da Shirin Magidanci

Yau za mu koma baya kaɗan mu duba tarihin Kogin Kaduna da garin da aka kafa a bakinsa, domin a cikinsa akwai abin da ya kamata kowane magidanci ya sani kafin marka ta kama.

Kogin nan ya taso ne daga duwatsun Jos. Ya yi tafiya wajen kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe, kuma tun bai iso garin Kaduna ba ya riga ya haɗiye rafuka da yawa, har da Galma wadda ta biyo ta Zariya. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne dalilin da ya sa kogi ya kan cika ya batse alhali kuwa an kwana biyu ko ɗigo bai sauka a Kaduna ba. Ruwan da aka yi a wata ƙasa shi ya ke isowa. Mutumin da ya ke duban sama kaɗai, bai duban kogi, ana iya shammatarsa.

Kafin zuwan Turawa, Gwari ne ke zaune a wannan daji, suna nomansu. Sunan garin ma daga kadoji aka samo shi, watau kadduna, saboda yawansu a kogin. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano ta ratsa wurin a 1911. Gwamna Lugga ya ga Zungeru ta faye zafi da cuta, ya zaɓi nan, aka kuwa dawo da hedkwatar Arewa Kaduna a 1917. To, ku duba inda suka sa gidajensu da ofisoshinsu: arewacin kogi, a kan tudu. Har doka suka yi, a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Dokar nan ba ta adalci ba ce, kansu suka yi wa ita. Amma fa sun san ƙasa, ba su kwana a fadama ba.

Mutanenmu na farko su ma sun sani, sunayen unguwanni kuwa shaida ne. Tudun Wada, Tudun Nufawa, ga tudu nan a cikin sunan. In ka ji Rafin Guza, an gaya maka akwai rafi. In ka ji Hayin Banki, an gaya maka sai an haye ruwa. Bakin kogi kuwa wurin lambu ne da rake da shinkafa, da rani a yi noma, da damina a bar wa ruwa kayansa.

Abin da ya sauya shi ne yawan jama'a. Gari ya zama babban birnin Jihar Arewa, aka buɗe masaƙa a Kakuri a 1957, mutane suka yi ta kwararowa neman aiki. A ƙidayar 1963 mutanen Kaduna wajen dubu 150 ne, yau sun haura miliyan ɗaya. Tudu ya cika, fili ya yi tsada, sai aka fara yanka fadama ana sayarwa fuloti fuloti. Wanda ya saya da rani ƙasa busasshiya ya gani. Ba talaka kaɗai ba, har masu hali sun gina manyan gidaje a inda kakanninmu ba su ko kafa bukka. Lambatun da ke kai ruwa kogi kuma aka mai da su juji.

Ranar Asabar, 23 ga Agusta 2003, kogi ya nuna iyakarsa. Ya tumbatsa ya shiga Malali, da Unguwar Rimi, da Kabala Doki, da gidajen Titin Kigo, ta kudu kuma ya taɓa Barnawa da Nasarawa. Dubban mutane suka rasa wurin kwana. Ya sake a Satumba 2012, shekarar da ambaliya ta game ƙasa duka, ta kashe mutum 363, ta kori fiye da miliyan biyu daga gidajensu. In kun lura, kusan unguwannin nan ne dai kullum, kuma watannin nan biyu ne, Agusta da Satumba, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi ba ta iya shan ƙari. Abin da ya ke zuwa a wurin da aka sani, a lokacin da aka sani, bai kamata ya iske mutum barci ba.

Na ce barci ne da gangan. Ruwan da ya ci Maiduguri a Satumba 2024, bayan madatsar Alau ta fashe, cikin dare ya shigo. Wanda ya ci Mokwa ranar 29 ga Mayu 2025 da asuba ya zo, tun damina tana farko, ya hallaka fiye da mutum 150. Saboda haka shiri ba na ranar ba ne. Tun da rana tsaka maigida zai tara iyalinsa su yanke shawara: in ruwa ya shigo, ta wace ƙofa za a fita, wane tudu za a nufa, makaranta ko masallaci ko majami'a, wa zai goya wane yaro, wa zai kama hannun tsohuwa. A sami gwangwani mai murfi ko leda mai kauri a zuba takardun gida, da katin asibiti, da katin rigakafin yara, da maganin mai hawan jini ko ciwon sukari, a rataye sama kusa da tocila. Hatsi a ɗora shi kan dakali ko katako. In akwai lantarki, a kashe shi tun ruwa bai kai soket ba. Kada kowa ya ce zai ratsa ruwa mai gudu don ya ga bai da zurfi. Inci 6 ya isa ya kayar da ƙato. Kada kuma a koma ɗauko akuya.

Ku mutanen ƙauye, na Igabi da Chikun da kewaye, kada ku ce wannan zancen birni ne. Ginin ƙasa daga gindi ya ke mutuwa. Ruwa ya kwanta a jikin bango kwana biyu, ya jiƙa tushe, sai bango ya zo ƙasa bayan an ɗauke ruwa, mutane na ciki sun saki jiki. A yi yaɓe tun bazara, a gyara indararo, a tona kwata ta fitar da ruwa nesa da gini. Ɗakin da ya tsage ko azararsa ta lanƙwasa, a fita daga cikinsa, ko da a zaure za a kwana.

Yanzu ga inda aikinmu na asibiti ya fi shafa, kuma shi ne aka fi mantawa. Ambaliya ta kan wuce cikin kwana kaɗan, amma ta bar baƙo a rijiya. Ruwan da ya bi ta salga da juji shi ne ya gangara cikin rijiyar da ba ta da baki. Ya kan kwanta ya yi garau, ido bai ganin kome. Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi sawun masu amai da gudawa gida gida, ya tarar famfo guda su ke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Cutar nan, kwalara, ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 2021 ta kama fiye da mutum dubu 100, ta kashe fiye da dubu 3, yawancinsu a Arewa. Ku gwada wannan da 363 na ambaliyar 2012, za ku ga wanda ya fi kisa tsakanin ruwan da ke tafe da ƙara da wanda ke zaune shiru a randa.

Don haka rijiya a ɗaga bakinta da siminti, a yi mata murfi, guga kuma a rataye shi, kada a yar a ƙasa. Salga ta yi nisa da rijiya kamar taki 40 na babban mutum, watau mita 30, ta kuma kasance ta gangare. Rijiyar da ambaliya ta shiga, kada a sha sai an kwalfe ta, duba-gari ya zuba mata magani. Kafin nan duk ruwan sha a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka minti guda, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalba. Na san itace da gawayi suna tsada, amma ba su kai kuɗin kwanciya asibiti ba.

Uwargida, wannan naki ne. In yaro ya fara gudawa, kada ki jira gari ya waye, kada kuma ki hana shi sha da nufin cikin ya tsaya. Rashin ruwa a jiki shi ke kisa. Ki dama ƙunshin ORS ɗaya a lita guda ta tafasasshen ruwa. In babu, ki sa ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita guda. Ki yi ta ba shi kaɗan kaɗan, ki ci gaba da ba da nono, ku kamo hanyar disfensa. In kashin ya zama kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, to, a gaggauta, ko da tsakar dare ne.

Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi ya biyo, domin sauro kwana 10 ya ishe shi ya tashi daga ƙwai a kududdufi. A cike ramuka, a kife fasassun tukwane, kowa ya kwana cikin gidan sauro, a kuma karɓi maganin da ma'aikata ke raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata wata da damina. Macizai su ma ruwa ya kore su, su kan fake cikin itace da ƙarƙashin buhu. Wanda ya gamu da sara, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Gwamnati ta kafa hukumar agajin gaggawa, NEMA, a 1999, jiha ma tana da tata. Kowace shekara kafin damina hukumar duba yanayi, NiMet, da ta kula da koguna, NIHSA, su kan faɗi inda ake tsoron ambaliya, ana kuwa karantawa a rediyo da Hausa. In kun ji an ambaci ƙaramar hukumarku, ku kai wa mai unguwa ko dagaci labari, a kafa sanda mai zane a bakin rafi, a sa matasa biyu su riƙa dubawa safe da yamma har ƙarshen Satumba.