Lamuni Tsakanin Biya da Isowar Kaya: Nazari a kan Darasin Kasuwancin Intanet a Jami'a

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi darasin tsarin kasuwancin intanet da dabarunsa kamar yadda ya zo a littattafan da ake karantar da ɗalibai da su, ta auna shi da tarihin manyan kamfanonin Nijeriya na wannan fage, da abin da masana suka rubuta game da masu gida da dillalai a fataucin Hausawa, da hukuncin Malikiyya a kan sayar da abin da ba ya nan. Hujjarta ita ce, mas'alar da ta fi kowace nauyi a ƙasarmu, wato wanda hasara za ta hau kansa tsakanin biyan kuɗi da isowar kaya, ita ce littattafan suka fi taƙaita magana a kanta.

Asalin fannin

Wannan ilimi bai samu gindin zama a jami'a ba sai bayan da Amazon ta soma sayar da littattafai a 1995, eBay kuma ta buɗe gwanjonta a wannan shekara, har attajiran Amurka suka dinga zuba dukiya a kan duk kamfanin da ya buɗe shafi, ba tare da sun tambayi ta inda riba za ta ɓullo ba. A 1998 Paul Timmers ya kasa irin waɗannan sana'o'i gida 11, domin a san wanda ke sayar da kayansa, da wanda ke gwanjo, da wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa kawai. Da farashin hannun jari ya soma ruftawa a watan Maris na 2000, kamfanoni irin su Pets.com da Webvan suka durƙushe, sai Michael Porter na Jami'ar Harvard ya fito da maƙalarsa ta 2001, yana mai nuna cewa intanet ba ta shafe tsofaffin ƙa'idojin gasa ba, hasali ma tana rage ribar 'yan kasuwa, tunda ta sauƙaƙa wa mai saye kwatanta farashi, ta kuma buɗe wa sababbin abokan hamayya ƙofa.

Bayan wannan aka sami tubali biyu da darasin ke tsaye a kansu yau. Na farko nazarin Jean-Charles Rochet da Jean Tirole ne na 2003 game da kasuwa mai fuska biyu, inda suka bayyana cewa mai dandali ba zai sami masu saye ba sai da masu sayarwa, ba zai sami masu sayarwa ba sai da masu saye, saboda haka yakan rangwanta wa ɓangare guda, ya ɗora wa ɗayan nauyin. Na biyu allon nan ne mai gida 9 na Alexander Osterwalder da Yves Pigneur, wanda littafinsu na 2010 ya yaɗa a duniya, inda ɗalibi ke cike gurbin abokan ciniki, da abin da zai ba su, da hanyar isa gare su, da kuɗin shiga da na fita.

Babu mai musun fa'idar waɗannan. Sai dai marubutansu sun rayu ne a ƙasashen da kowane gida yake da lamba, gidan waya yana kai saƙo bakin ƙofa, banki kuma yana mayar wa mai kati kuɗinsa idan an cuce shi, da yake waɗannan abubuwa sun riga sun tabbata a can, ba su ga dalilin ware musu babi ba, ɗalibinmu kuwa da ya haddace gida 9 ɗin sai ya fita kasuwa ya tarar tambayar farko da mai saye zai yi masa, wato «in na tura kuɗin kayan bai zo ba fa?», ba ta da gurbi a allon.

Abin da ya sami manyan kamfanoni

A 2012 aka kafa Jumia da Konga a Legas, dukkansu bisa koyi da Amazon. Da suka ga mutane ba su yarda su saki kuɗinsu kafin su ga kaya ba, sai suka amince a biya a lokacin karɓa, wanda ma'anarsa ita ce kamfanin ya ɗauke wa mai saye kasada baki ɗaya: ya ɗauki kayan, ya biya ɗan aike, ya yi ta neman gidan da ba shi da lamba, kuma idan mai saye ya ce ya fasa, ko aka tarar ya yi tafiya, hasarar zuwa da dawowa ta kamfani ce. Konga ta dakatar da wannan tsari a 2017, a 2018 kuma kamfanin Zinox ya saye ta. Jumia ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Afrilu na 2019, amma kafin shekarar ta ƙare ta rufe harkarta a Kamaru da Tanzaniya, ta daina kai abinci a ƙarshen 2023, ta kuma fice daga Afirka ta Kudu da Tunisiya a 2024.

Misalin ƙasar Sin ya fi haskaka mas'alar. Taobao, wadda Alibaba ta buɗe a 2003, ta kori eBay daga kasuwar ƙasar cikin 'yan shekaru, kuma ko da yake malamai sun fi ambaton cewa ta bar masu sayarwa su baje kaya kyauta, a ganina Alipay ba ta gaza wannan nauyi ba, domin ita ce ke riƙe kuɗin mai saye amana, ba ta sakar wa mai sayarwa sai kaya sun isa an shaida.

Maigida, dillali da malamin fiƙihu

Mas'alar ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda falke ke kawo shanu daga Arewa ya sauka wurin maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahautan Yarabawa bashi, ba takarda ba kotu, alhali baƙon bai san mahaucin ba. Abin da ya riƙe cinikin shi ne maigidan ya tsaya lamuni, idan mahauci ya ƙi biya shi zai biya, dillalansa kuma aikinsu kullum su san wane ne ke cika alkawari, wane ne bashi ya yi wa katutu. Polly Hill ta ga irin wannan tsari a Kumasi. Wanda ya karanta Rochet da Tirole zai gane cewa maigidan nan dandali ne mai fuska biyu, sai dai abin da yake karɓar la'ada a kansa ya wuce haɗa mutane, ya kai ga ɗaukar kasadar da ɓangarorin biyu suke gudu.

Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da warware zaren. Imamu Malik ya ware babi a Muwaɗɗa game da sayen ƙunshin tufafi bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki, ya halatta shi ba tare da an kwance ƙunshin ba, matuƙar kayan sun dace da siffar. Wannan kuwa shi ne asalin abin da hoto da bayanin kaya suke yi a shafi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tukuna, sai in kayan na kusa, ko suna cikin abin da ba a tsoron canjawarsa, kamar gida ko fili. Illar da masu sharhi suka kawo ita ce, kuɗin yakan zama yana kai-kawo tsakanin zama farashi, idan kaya sun iso lafiya, da zama rance, idan ba su iso ba. Mashhurin mazhaba kuma ya bar lamunin irin wannan kaya, in ba gida ko fili ba ne, a wuyan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa. Cinikin salam hukuncinsa daban ne, domin a can ana gabatar da kuɗi ne a kan kaya siffantattu da ke cikin zimma zuwa ajali sananne. Duk ɗalibin da ya iya bambance waɗannan biyu ya riga ya mallaki ma'aunin da zai rarrabe mai sayar da wayar hannu guda da ke shagonsa daga mai karɓar odar ɗinki ko buhunan masara.

Cinikin da ake yi yau

Ba a manyan shafuka kaɗai cinikin intanet yake gudana a Arewa ba. Ɗan Kantin Kwari yana ɗora hoton shadda da atamfa a WhatsApp, mai saye a Yola ko Maiduguri ya zaɓa, ya yi transfa, in an ga alat a ɗaure kaya a kai tasha, a ba direba, a tura wa mai saye lambar wayar direban. Matan aure, waɗanda a da 'ya'yansu ke kai musu talla, yanzu Instagram ke kai musu turaren wuta da kayan kicin har garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Hanyar tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wadda aka soma a 2011, ita ta share fagen, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma ya tura har masu tsoro zuwa ga OPay da Moniepoint da masu na'urar cire kuɗi ta bakin titi.

A nan kasadar ta koma kan mai saye, tunda shi ke fara biya, kuma abin da yake dogara da shi sanayya ce: wance ta taɓa saye a wurinta, wane ɗan unguwarmu ne, ga hoton godiyar waɗanda kayansu suka isa. Shi ya sa irin wannan ciniki yake da arhar gudanarwa ƙwarai, shi ya sa kuma yake da iyaka, domin inda sanayya ta ƙare nan macuta suke jira.

Gurbin darasin a manhaja

Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta tsayar da kashi 70 cikin 100 na abin da za a karantar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta, kuma a wannan gurbi ne mas'alar lamuni za ta iya shiga. Abin da ake bukata shi ne a tura ɗalibi ya bi ciniki guda daga hoto har hannun mai saye, ya rubuta a kowane mataki wanda zai yi hasara in kaya sun ɓace a mota, ko sun zo ba kalar da aka gani ba, ko alat ɗin ya zama na jabu, sa'an nan ya ƙididdige nawa wannan kasada ke ci cikin kowace naira ta riba. Ɗan kasuwa ba ya buɗe wa baƙo littafin cinikinsa, amma ajujuwan Kano da Zariya da Sakkwato cike suke da 'ya'yan masu shaguna da ɗalibai mata masu sana'a a waya, waɗanda za su iya bin cinikin da suke da hannu a ciki. Babin fiƙihun kuwa, a Jami'ar Bayero, wadda ke da makarantar kasuwanci ta Dangote da kuma cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci, malaman da za su karantar da shi tare suna ƙarƙashin majalisar jami'a guda, wadda ita ce ke amincewa da sabon darasi.