Daga Kwalin Kaset zuwa Memori: Yadda Satar Fasaha ta Riga Masu Fim Isa Wudil

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a ya san cewa ba shanu kaɗai ake ciniki ba. Can gefe, a ƙarƙashin rumfa, akwai matashi da kwamfuta da tarin wayoyi a gabansa. Ka miƙa masa 'yan kuɗi kaɗan, ya cika maka memori da fina-finai da waƙoƙi. Wanda ya zuba jarinsa ya shirya fim ɗin yana Kano, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, amma ko sisi ba za ta isa aljihunsa ba. Domin fahimtar yadda aka iso nan, sai mun koma zamanin kaset.

Tun kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo, kasuwar Ƙofar Wambai ta riga ta zama cibiyar kwafar fina-finan Indiya da na Amurka ba tare da izinin kowa ba. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin wannan harka a littafinsa na 2008. 'Yan kasuwar suna da injinan kwafi, suna da dillalai, sun kuma san hanyar kowace kasuwar ƙauye. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wannan hanya ce aka tarar a shimfiɗe, ita kuma masana'antar ta bi.

Tsarin cinikin na wancan lokaci abin lura ne. Furodusa yakan bai wa ɗan kasuwa uwar kaset, sannan ya buga kwalaye ya sayar masa. Ɗan kasuwa ne ke kwafa, ya sa a kwali, ya sayar. Ke nan ribar mai fim tana rataye ne ga yawan kwalin da aka saya. Wanda duk ya iya buga kwalin jabu, ko ya sayar da kaset tsirara, ya yanke mai fim daga guminsa. Tun ranar farko, mabuɗin rumbun yana hannun wani.

Zuwan faifan CD ya sauƙaƙa kwafi, amma wayar hannu ce ta rusa ginin baki ɗaya. Fim ya daina zama kaya da ake riƙewa a hannu, ya koma abin da ake turawa cikin 'yan mintuna. Masu turi suka bazu a tashoshin mota da kasuwanni, shagunan faifai suka shiga rufewa. Sai ga fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa sun ƙara cika memorin jama'a. A nan akwai abin da ba a cika son faɗa ba: masana'antar da ke kukan sata ita ma ta daɗe tana ɗaukar labari da karin waƙa daga Indiya ba tare da neman izini ba.

Doka kam ba a rasa ta ba. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, sannan a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta ba mai fasaha damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da yardarsa ba. Sai dai kame da kotu ba su taɓa amsa tambayar mai kallo ba: in ina son fim na halal a Wudil, a ina zan same shi, kuma nawa ne?

Amsar ta fara zuwa ne daga wata ƙofa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, manhajar Northflix ta biyo baya, kuma daga 2020 shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka nuna cewa ana iya samun kuɗi a YouTube ta hanyar talla. Ɓarawon ma bai kwanta ba: yanzu yakan sauke shiri ya sake ɗora shi a tasharsa, ko ya raba shi a Telegram, kamar yadda ake yi wa marubutan littattafai a WhatsApp. Mai turi kuma yana nan, domin kuɗin data ya fi ƙarfin mutane da yawa.

Shekara talatin da ɗoriya sun koyar da abu guda: ɓarawon fasaha ya yi nasara ne saboda shi ya fara kai kaya inda mai kallo yake, a farashin da zai iya biya. Wannan ba ya halatta cin haƙƙin wani. Amma ranar da mai fim ya mayar da matashin nan na rumfar Wudil wakilinsa mai lasisi, wanda ke cin ribarsa yana kuma biyan kason mai kaya, ranar ce za a fara cike giɓin da aka bari tun zamanin kwali.