Ribar da Ta Gudu Bayan An Gano Ta

A 1981 wani masanin harkar kuɗi ɗan ƙasar Suwizalan, Rolf Banz, wanda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Shikago, ya wallafa wata maƙala da ta sauya yadda ake kallon ƙananan kamfanoni. Ya bi diddigin farashin hannayen jari a kasuwar Niyok daga 1936 zuwa 1975, sai ya tarar cewa ƙananan kamfanoni sun fi manya kawo wa masu zuba jari riba, ko da an yi la'akari da cewa sun fi haɗari. Shi kansa Banz ya yi taka-tsantsan. Ya nuna cewa galibin ribar ta taru ne a kamfanonin da suka fi kowa ƙanƙanta, kuma ya amsa cewa bai san dalilinta ba. Kasuwa kuwa albishir ɗin ta ji, ta bar gargaɗin.

A wannan shekarar ce David Booth da Rex Sinquefield, su ma tsofaffin ɗaliban Shikago, suka kafa kamfanin Dimensional Fund Advisors, suka buɗe asusun zuba jari da ke sayen hannayen jarin ƙananan kamfanoni kawai. A 1984 aka ƙirƙiro ma'aunin Russell 2000 domin auna tafiyar irin waɗannan kamfanoni. Sai dai an zo kasuwa bayan ta fara watsewa. Daga 1975 zuwa 1983 ƙananan kamfanoni sun ci karensu babu babbaka, amma daga 1984 zuwa 1990 manya suka bar su a baya.

Masu bincike suka koma suka tona alƙaluman. Tun 1983 Donald Keim ya lura cewa kusan rabin wannan riba a watan Janairu kaɗai take zuwa, abin da ya fi kama da sakamakon sayarwar ƙarshen shekara don rage haraji fiye da wata baiwa ta ƙananan kamfanoni. Amma a ganina binciken da ya fi muhimmanci shi ne na Tyler Shumway a 1997. Ya gano cewa rumbun bayanan da masana suka dogara da shi yakan yi shiru game da asarar ƙarshe ta kamfanonin da aka kora daga kasuwa saboda durƙushewa. Kamfani zai yi ta faɗuwa, a cire shi, lissafi ya tsaya kamar masu jarin sun fita lafiya. Tun da ƙananan kamfanoni ne suka fi mutuwa, su wannan kuskure ya fi yi wa kwalliya. Da shi da Vincent Warther suka gyara alƙaluman kasuwar Nasdaq a 1999, sai fifikon ƙananan kamfanoni a can ya ɓace. An daɗe ana ƙirga waɗanda suka dawo daga farauta, an manta da waɗanda daji ya ci.

Akwai kuma abin da takarda ba ta nunawa. Hannun jarin ƙaramin kamfani ba ya samun ciniki kullum. Tazarar da ke tsakanin tayin mai saye da sallamawar mai sayarwa, haɗe da la'adar dillali, kan cinye ribar tun kafin ta shiga aljihu. Duk wanda ya riƙe hannun jarin ƙananan kamfanonin inshora a kasuwar Legas bayan faɗuwar 2008 ba ya buƙatar a yi masa bayani: farashi ya maƙale a kwabo 50 shekara da shekaru, mai saye kuwa ko ƙurarsa.

Ba a binne ra'ayin Banz gaba ɗaya ba. A 2018 Cliff Asness da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka tsame kamfanonin da ba su cin riba, waɗanda bashi ya yi wa katutu, fifikon ƙanana yakan dawo, har ya fi daidaituwa. Ashe tsaba da ƙaiƙayi aka auna a mudu ɗaya. A shekarar ce kuma Hendrik Bessembinder ya nuna cewa daga 1926 zuwa 2016 fiye da rabin hannayen jarin Amurka ba su kai takardun lamunin gwamnati na wata ɗaya riba ba, kuma kashi 4 cikin 100 na kamfanoni ne suka samar da dukkan ƙarin dukiyar da kasuwar ta haifar. Mai zaɓen ƙananan kamfanoni biyu ko uku da hannunsa ya kamata ya san cewa lissafi ba ya bayansa.

Saboda haka idan aka kawo maka asusun ƙananan kamfanoni, tambayi ƙa'idar da yake bi wajen shigar da kamfani. Russell 2000 girma kawai yake dubawa, shi ya sa a 'yan shekarun nan fiye da kashi ɗaya cikin uku na kamfanonin da ke cikinsa asara suke tafkawa. Ma'aunin S&P 600 kuwa, wanda aka fara a 1994, ba ya karɓar kamfani sai ya nuna riba a jimillar watanni 12 da suka wuce, da kuma a watanni ukun ƙarshe. Suna ɗaya ake kiran su, ƙananan kamfanonin Amurka, amma tun daga 1994 zuwa yau, idan aka haɗa lissafi, na biyun ne a gaba.