Nguru: garin da ke bakin layin dogo

Darasinmu na yau na tarihi ne. Za mu leƙa wani gari na maƙwabtanmu, mu ga yadda jirgin ƙasa ya ke tara jama'a wuri guda, da abin da ke samun gari idan jirgin ya ja baya. Sunan garin Nguru. Yana cikin Nijeriya, a jahar Yobe, kudu da Gure, ba nisa da iyakar ƙasarmu. Tsofaffin Damagaram da na ƙasar Manga sun san shi sarai, don da yawansu sun kai kaya can.

Nguru tsohon gari ne. Tun fiye da shekara 300 da suka wuce, can ne mazaunin Galadiman Barno. Shi Galadima babban wakilin sarkin Barno ne, mai tsaron ƙasar ta wajen yamma. Mutanen wurin na asali Barebari ne, musamman Mangawa, ƴan'uwan Mangawanmu na Gure da Maine. Akwai Badde masu su da noma a bakin ruwa. Akwai Fulani masu kiwo. Abin da ya zaunar da su duka shi ne ruwa. Gulbin Haɗeja ya kan yi ambaliya da damina, ya cika fadamu da tafkuna. Idan ruwa ya janye, sai a samu kifi, da ciyawa, da ƙasar shuka mai laima.

To, yaya jirgi ya zo? Turawan Ingila sun kawo layin dogo Kano a 1911. Suna son gyaɗa da auduga da fata su isa bakin teku da sauri. Da suka ga riba, sai suka ƙara jan layin zuwa gabas. Ya bi ta Ringim, da Malam Madori, da Birniwa. Wajen 1930 ya iso Nguru, bayan tafiyar kilomita kamar 230 daga Kano. Nan ya tsaya, bai wuce ba.

Ku lura da wannan da kyau. Garin da layi ya ratsa ya wuce, jirgi ya kan tsaya cikinsa ɗan lokaci kaɗan. Amma garin da ke ƙarshen layi, dole kowa ya sauka nan, dole a sauke kaya nan. Duk mai kaya daga ƙasar Barno, ko daga gabashin Nijar, Nguru ce tashar da ta fi kusa da shi. Ayarin raƙuma da jakuna suka riƙa shigowa da gyaɗa, da ƙaro, da fata da ƙirgi, da kanwa. Makiyaya suka riƙa koro shanu. A auna kaya bisa sikeli, a ɗura cikin buhu, a loda wa jirgi sai Legas. In jirgin ya komo, ya kawo goro, da yadi, da gishiri, da kananzir. Daga baya manyan motoci suka karɓi aikin raƙuma.

Inda ciniki ya ke, can mutane su ke tafiya. Hausawa fatake da dillalai suka zo daga Kano da Haɗeja. Yarabawa da Ibo suka zo daga kudu, wasu ma'aikatan jirgi, wasu akawu, wasu masu kanti. Kamfanonin Turawa suka buɗe wuraren sayen gyaɗa. Mahauta, da maɗinka, da ƴan dako, da masu sayar da abinci, kowa ya samu abin yi. Sunayen unguwanni ma suna ba da wannan labari: akwai Tsohon Nguru, wato mazaunin farko, akwai kuma Hausari, wato unguwar Hausawa da bakin Barebari. Haka aka yi garin ya zama na ƙabilu da yawa, kuma Hausa ta zama harshen kasuwa.

Amma abin da jirgi ya kawo, jirgi na iya ɗaukewa. A 1964 wani sabon layi ya isa Maiduguri, ta hanyar Bauci da Gwambe. Tun daga ran nan, mai kaya a tsakiyar Barno ba ya bukatar zuwa Nguru. Sai ga babban fari na 1973, wanda mu ma muka sha wuyarsa. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa. Gyaɗar da a ke lodawa ta ragu ƙwarai. Hanyoyin kwalta suka yawaita, motoci suka kwashe kaya da fasinja. Daga shekarun 1980 jiragen ƙasa na Nijeriya suka yi ta lalacewa, zuwan jirgi Nguru ya yi wuya.

Shin garin ya watse? A'a, bai watse ba. A ƙidayar jama'a ta 2006, an samu mutum kamar 150,000 a ƙaramar hukumar Nguru, wato garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Me ya riƙe su? Abin da ya zaunar da kakanninsu tun farko: ruwa, da gona, da dabba, da kasuwa. Ana noman shinkafa da gero, ana kamun kifi a banda shi, ana cinikin dabbobi. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya da ya kamata a kiyaye, saboda tarin tsuntsayen da ke sauka can, har da masu tasowa daga Turai lokacin sanyi.

Shi ma ruwan yana da nasa matsaloli. An gina madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, duka biyu a ƙasar Kano, sama da gulbin. Ambaliya ta canza, ba ta zuwa yadda aka saba. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Wannan ya fi rashin jirgi damun talaka, don cikinsa abincinsa ya ke.

Ƴan'uwa, labarin nan ya shafe mu. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya. Bisa shirin, Maraɗi ce ƙarshen layin, kamar yadda Nguru ta zama. Jirgi ya kan kawo baƙi da ciniki, filaye su yi tsada. Wanda ya iya karatu da lissafi shi zai duba sikeli da idonsa, ya karanta takarda kafin ya sa hannu. Wanda kuma ya sayar da gonarsa don kuɗin yini ɗaya, ya tuna da 1964.

Ga tambayoyi uku, ku tattauna su da malaminku a aji:

1. Don me ƙarshen layi ya fi tsakiyar layi tara mutane?
2. Daga 1930 zuwa 1964 shekara nawa ke nan?
3. A garinku, wane abu ne ke riƙe jama'a, ko da hanya ta canza?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.