Daga Igiyar Shanya a Mina Zuwa Kwalbar Kayan Miya

Duk wadda ta taɓa ajiye yaji a Kano, ta zo ta ajiye shi a Jidda, ta san garuruwan nan biyu ba iska ɗaya suke sha ba. A Kano da hunturu, in aka yanyana nama aka baza a kan karan dawa, kafin la'asar ya fara ƙamewa. Iskar Jidda kuwa ta teku ce, mai nauyi da laima. Daga Agusta zuwa Satumba gishiri ma jiƙewa yake a cikin robarsa, kuka ta dunƙule, ƙuli-ƙuli ya yi laushi. A nan Jidda aka haife ni, a nan na gaji sana'ar haɗa guzuri da kayan miya a hannun mahaifiyata, ita kuma a hannun tata uwar, kuma mafi yawan abin da suka koya mini dabarun faɗa da laima ne.

Kakanninmu da ƙafa suka zo, da jaki da raƙumi. Su bar ƙasar Hausa su ratsa Borno da Wadai, su bi ta Fashir da Ubayyid har Sawakin, sannan su hau kwale-kwale su tsallako Bahar Maliya. Wasu sai sun yi shekaru a hanya suna noma da ƙodago. Ayarin ya ƙaru bayan 1903, lokacin da Turawa suka ci daular Sakkwato aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Mai irin wannan tafiya ba ya ɗaukar abin da ke da ruwa a jiki. Guzurinsa gumba ce da garin kunu, kilishi, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, da man shanu soyayye a tandu. Rana ce ta yi aikin, sai wuta da gishiri suka taya ta.

Waɗanda suka zauna a Jidda sun fara ne a bayan ganuwa, a bukkokin da ake kira Nakatu, tun kafin a rushe ganuwar a 1947. Ruwan sha kansa saye ake yi, daga injin tace ruwan teku da mutanen gari ke kira Kindasa, har aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima a wannan shekarar. A irin wannan zama iyayenmu mata suka ga cewa shanya kaɗai ba ta isa a bakin teku, sai suka buɗe ido suka kalli maƙwabta. A wajen Indiyawa suka ga ashar, wato lemo ko mangwaro da ake jiƙawa cikin gishiri da tsami. A wajen Misrawa da mutanen Sham suka ga turshi, karas da kokwamba da barkono cikin ruwan khal. Mutanen gaɓa na cika kifi da gishiri kafin su shanya shi. Dabino kuwa dannawa ake yi sosai, har zaƙinsa ya hana shi lalacewa. Akwai kuma namliyya, kabad mai ragar waya da iska ke ratsawa, ana tsoma ƙafafunsa cikin ƙananan kwanukan ruwa saboda tururuwa. Mu ma ba hannu rabbana muka zo ba: tsiren da ake sayarwa yau a Makka da Jidda da sunan siriye, da garin ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, namu ne.

A da, babbar kakar sana'ar ita ce kwanakin Mina. Wanda bai ga wancan zamani ba zai yi wuya ya gane yawan naman da ke zubewa. Alhaji ya yanka ragon hadaya, ya ɗebi abin da zai ci, sauran ya bar shi a mayanka, domin ba shi da wurin ajiya, ga zafi, ga tafiya a gaba. Hukuma kan haƙa ramuka ta binne. Matanmu da 'yan uwanmu na Chadi da Sudan su ne ke kwasar abin da za su iya. Kakata takan ce aikin na awa ne, ba na yini ba: naman da ya wuce azahar ba a yanyana shi ba, a bar shi. A zauna a da'ira da wuƙaƙe, a yanke kitse gefe guda don shi ke fara ɗoyi, a ja tsokar siriri kamar zare, a mulke da gishiri, a rataya a igiyar tanti ko a baza kan duwatsu. Mina tana tsakanin duwatsu, nesa da teku, iskarta busasshiya, shi ya sa a can ake ƙarasa shanyar. Wadda ta yi gaggawa ta sauko Jidda da nama mai sauran danshi, cikin 'yan kwanaki za ta buɗe buhu ta tarar da fumfuna. Kitsen kuma a narka shi a tace, a soya wani naman har ruwansa ya ƙone ƙurmus, a zuba masa kitsen ya rufe shi. Da wannan nama gidaje da yawa ke kaiwa watan Safar, wasu har Maulidi. Malamanmu na tuna mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabuƙata da suka shigo Madina, daga baya ya ba da izinin a ci a ajiye. Don haka matan nan ba su taɓa ɗaukar aikinsu abin kunya ba.

A 1983 aka danƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda hedikwatarsa ke nan Jidda, shirin amfani da naman hadaya da layya. Alhaji ya sayi takarda, a yanka masa a mayankar Mu'aisim, likitocin dabbobi su duba, a daskarar da naman, a raba wa matalautan Harami, sauran a tura ƙasashen Musulmi da dama a Afirka da Asiya. Alheri ne babba, ba na jayayya. Amma daga nan igiyoyin shanya suka fara raguwa, kuma 'yan matan da suka taso bayan haka da yawansu ba su iya yanyana nama ba.

Ko kafin nan ma gwangwani da firiji sun riga sun shigo gidajenmu tare da kuɗin mai: madara, tumatir, kifin tuna, wake na ful. Firiza ta zama rumbun kowace mace. Har gobe, da watan Sha'aban ya kama za ka ga gidaje sun duƙufa naɗe sambusa ana jerawa a firiza saboda azumi. Firiza amintacciya ce muddin sanyinta ya kai digiri 18 ƙasa da sifili kuma wuta ba ta yanke ba. Ambaliyar Nuwamba 2009, wadda ta kashe mutum fiye da ɗari a garin nan, ta nuna wa unguwanni da yawa iyakar wannan amana. Haka rushe tsofaffin unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail a 2021 da 2022 ya watsa iyalai zuwa ƙananan gidajen haya, inda ba filin shanya, ba wurin babbar firiza.

A nan kwalba ta samu shiga, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Yau mata da yawa, namu da na wasu ƙabilu, suna sana'a daga gida suna tallatawa a WhatsApp da Instagram: markaɗen kayan miya, soyayyen attaruhu cikin mai, tafarnuwa cikin man zaitun, dambun nama, miyar kifi, duk a kwalba mai kyau da murfi da takarda a manne. Ina murna da wannan neman na kai, ni ma cikinsa nake. Abin da ke damuna shi ne mun ɗauko kamannin aikin masana'anta, mun bar zafin da masana'anta ke aiki da shi.

Dabarar rufe abinci a kwalba a dafa shi ta fito ne daga wani Bafaranshe, Nicolas Appert, wanda ya wallafa ta a 1810, a shekarar da Peter Durand ya yi rajistar gwangwanin ƙarfe a Ingila. Appert ya ga abin yana aiki, amma bai san dalili ba, sai da Louis Pasteur ya zo ya bayyana aikin ƙwayoyin cuta. A 1895 kuma, bayan wasu makaɗa a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam sun ci naman da aka ajiye cikin gishiri sun kwanta, wasu suka mutu, Emile van Ermengem ya gano ƙwayar da ake kira Clostridium botulinum. Tana cikin ƙasa, tana zuwa a jikin albasa da tafarnuwa da karas, tana cikin hanjin kifi. Irinta yana da ɓawo mai tauri da tafasar ruwa ba ta kashewa, ko an yi awanni. Ba ta son iska, ba ta son tsami, ba ta son bushewa, ba ta son gishiri mai yawa ko sanyi. Abin da take so shi ne abinci mai danshi, marar tsami, a rufe ruf, a ɗaki mai ɗumi. Wato dai kwalbar miyar nama a kan kanta a Jidda. A can take fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi, kuma sau da yawa abincin ba ya canja wari ko ɗanɗano.

Masana sun sa iyaka a ma'aunin tsami da ake kira pH: 4.6. Abin da ya fi haka tsami, kamar turshi na gaske da ashar da yawancin 'ya'yan itace, tafasa kwalbarsa cikin ruwa ya wadatar. Abin da bai kai ba, wato nama, kaza, kifi, wake, kuɓewa, alayyafo, albasa, tattasai da attaruhu, sai an kai shi digiri 116 zuwa 121, kuma ba a samun wannan zafi sai a tukunyar matsin tururi ta musamman mai agogon awo. Kwalbar nama ta rabin lita minti 75 take buƙata a cikinta, ta lita ɗaya minti 90. Ƙaramar tukunyar tururin da muke dafa ganda da ita ba a yi ta don wannan aiki ba.

Tumatir yana bakin iyaka, shi ya sa ake ƙara masa tsami: cokali biyu na cin abinci na ruwan lemon tsami irin na kwalba a kowace lita. Mu kuwa al'adar girkinmu akasin haka take. Kowace Bahaushiya ta san in tumatir ya yi tsami sai a jefa masa 'yar kanwa ko bakin soda. A miyar da za a ci yau ba laifi. A markaɗen da za a rufe a kwalba, kanwar nan ta kashe mai gadin da ke tsare abincin. Sannan ga albasa da tattasai da muke tulawa, su ma suna rage tsamin. Markaɗe irin namu, in ba tukunyar matsin tururi, wurinsa firiza. Mai da ake kwararawa a sama ba ya kare komai, toshe iska yake yi, abin da ƙwayar ke nema ke nan. Naman kakanninmu da ke kwance cikin kitse ya tsira ne saboda an soye ruwansa tas an kuma ba shi gishiri, ba saboda kitsen ba. Tafarnuwa cikin mai kuwa, firiji, kuma kada ta wuce kwana huɗu.

Kada a ce wannan ciwon Turawa ne. A 1991 a Alƙahira, fasikh, kifin gishirin da Misrawa ke ci a bikin Shammun Nasim, ya kwantar da mutum 91, 18 suka rasu. A Afrilun 2024 a Riyad mutum 75 suka kamu bayan cin abinci a wani gidan abinci, ɗaya ya rasu, hukuma ta ce an samu ƙwayar a cikin mayonis. In haka ta faru da kayan masana'anta a ƙasar da ke da hukumar kula da abinci da magunguna tun 2003, ina ga ɗakin girkin da ba mai leƙawa?

Busassun kaya ma suna da nasu. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji in suka sha laima suna yin fumfuna mai fitar da dafin afalatoksin, wanda ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da shi. A zuba su a mazubi mai murfin roba bayan sun bushe sarai, a riƙa sayen kaɗan-kaɗan. Ƙwayar maganin ƙwarin hatsi da 'yan kasuwa ke kira bom, ita kuwa, kada ta kwana gida ɗaya da mutane. Iskar da take fitarwa ta kashe yara a cikin gidaje a garin nan. Wake ko gero na gida, a sa shi firiza 'yan kwanaki sannan a rufe a jarka, ƙwarin za su mutu. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba, domin irin waccan ƙwaya na iya zama a cikinta.

'Yan uwana masu sana'a, ku rubuta ranar haɗawa a jikin kowace kwalba, ku rubuta "a sa a firiji" da Hausa da Larabci. Murfin da ya kumbura, ko ya yi tsartuwa da aka buɗe, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Abincin kwalba na gida marar tsami a tafasa shi minti goma kafin a ci, domin dafin, ba kamar irin ƙwayar ba, wuta na kashe shi. Alamun ciwon sukan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 36: gani bibbiyu, fatar ido ta sauko, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, jiki ya mutu, kuma yawanci babu zazzaɓi. Na san akwai 'yan uwanmu da matsalar takardun zama ke sa su tsoron asibiti, su tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Wannan ciwo numfashi yake tsayarwa, kuma maganin dafin yana asibiti ne kaɗai. Don Allah, in kun ga waɗannan alamu ku kira motar asibiti a 997, ku tafi da sauran abincin a cikin kwalbarsa.