Aron Littafi a Ƙasar Katsina da Maraɗi

Garin Jibiya yana kan hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Maraɗi. Mutanen waɗannan birane biyu tushensu ɗaya, domin bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ce ta koma arewa ta kafa sarauta a Maraɗi. Iyakar da Ingila da Faransa suka daidaita a 1906 ta raba mulki, amma malamai da almajirai ba su daina ƙetarawa da littattafansu a gafaka ba.

A zamanin da, takarda abar tsada ce ƙwarai. Wadda aka fi sani, watau mai tambarin wata uku, a Italiya ake yin ta, sa'an nan fatake su ratso Sahara da ita ta hanyar Tarabulus. Saboda haka ba kowane ɗalibi ke iya sayen littafi ba. Yakan ara wurin malaminsa, ya kwafa da hannu, ya mayar. Yaro kuwa a allo yake rubutu, ya wanke, ya sake rubutawa, har allo ɗaya ya kai shi sauka. Ta haka kwafi guda yakan yi wa tsara bayan tsara aiki, ba abin da ake zubarwa a juji.

Ɗab'i ne ya sauya wannan al'ada. Daga 1934, da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, zuwa zamanin hukumar NORLA, 1954 zuwa 1959, littafi ya yi araha, ya shiga kasuwa. Ilmi ya yaɗu, amma darajar takarda ta ragu, har aka kai ga ƙunshe ƙosai a shafin littafin makaranta.

Yau masu kula da muhalli a ƙasashe da yawa suna kira a riƙa aro daga ɗakunan karatu na jama'a maimakon saye, don a rage sarar itatuwa da tarin shara. Wannan kira ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma littafi ya fita daban, gama abin da aka karanta ba a mayar da shi. Sai dai aron da, amana ce ta riƙe shi: malami ya san ɗalibinsa, ɗalibi yana jin kunyar ɓatar da littafi. Ɗakin karatu ba shi da wannan sanayya. Aikin malaman kwalejojin horo ke nan, su koya wa ɗalibai mayar da abin da suka ara, domin in ba a mayarwa, kanta ba ta daɗewa da littafi a kai.